Kuɗin Bijimi Biyu

Ranar da na kai takardar na'urar kaset
gaban Kakale, akantan injin casar shinkafarmu na Jega,
ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce, "Ɗantani, wanga kuɗɗin bijimi biyu na,
hadda canjin sayen tunkiya.
Kaset? Irin wanda munka murza da biro muna yara?"

Na ce, na'urar ce mai cizo, ranka ya daɗe,
kuma sau ɗaya za ta cije mu.
Kaset kuwa kowanne bai kai buhun taki ba,
ga cikinsa ya fi rumbun gidanku zurfi.

Ya ce faifai mai igiya ya fi araha a Birnin Kebbi.
Na ce uku na binne da hannuna:
ɗaya ya faɗo daga tebur,
ɗaya zafin bazara ya dafa shi,
na ukun ya yi ƙas-ƙas kamar ƙadangare bisa kwano,
daga nan bai ƙara magana ba.
Ya sa hannu kamar mai ba da haƙorinsa.

Tun daga nan, in an sallame magariba,
nakan ciyar da ita kaset ɗin ranar.
Ba ta da sauri, tafiyar jaki take,
amma jaki ya san hanyar gida.
Manoma dubu huɗu take haɗiyewa,
na Kimba, na Bunza, na Suru,
wa ya ranci taki, wa ya kawo shanshera,
wa ke bin mu, wa muke bi.
Na Juma'a nakan kai shi gidana cikin gwangwani,
don mai hankali ba ya ajiye iri kusa da murhu.

Kada in yi mata kirarin da ya wuce gaskiya.
Tana son a share mata baki duk wata,
tana ƙin zafi kamar man shanu.
Wata rana na ce bari in gwada na Laraba,
na buɗe, wayam.
Wata uku koriyar fitila tana yi mini murmushi,
ashe rumbun banza nake yaɓe wa ƙofa.
Ban gaya wa kowa ba.
Na dai koyi cewa ajiyar da ba a leƙa ba
sunanta zato.

Cikin Agusta tsawa ta faɗa wa turken wuta,
kwamfutar ofis ta yi warin ƙonannen gashi.
Da safe layi har bakin sikeli.
Gaba-gaba Inna Ige ce daga Kimba,
buhu goma sha tara take bin mu,
shaidarta kawai ƙullin da ta yi a bakin zane.

Muka aro kwamfuta, na ɗauko gwangwani.
Awa bakwai zaren yana juyawa.
Kakale ya zaga ɗakin har takalminsa ya yi kuka,
ya sayi goro bai ci ba,
sau biyar yana tambaya, "Shin ta mutu?"

Bayan la'asar sunaye suka fara fitowa
ɗaya bayan ɗaya, kamar tsiro bayan shuka.
Ige, Kimba, goma sha tara.
Ta kwance ƙullinta, ta ƙirga, ta ce haka ne.
Alhamis kaɗai ta ɓace mana,
muka tsinto ta a littafin Bube mai awo,
duk shafin ya sha manja.

Kakale bai ce na gode ba.
Ya ce, "Har yanzu da tsada."
Sai ya rage murya: "Guda goma nawa za su bari?"

Ni abin da ke hana ni barci daban ne.
Na'urar na tsufa, tana tari in ta haɗiya,
kuma an ce jikokinta na kanti
ba sa jin yaren kaset ɗina.
Gobe zan sake rubuta wata takardar.
Na riga na tambayi farashin shanu a kara.